Bankak a Kasuwar Gadarif: Kuɗin Waya da Farashinsa Biyu

A rumfar hatsin baffana da ke kasuwar amfanin gona ta Gadarif, a gabashin Sudan, inda nake riƙe da littafin lissafi, akwai tambayar da yanzu take shiga tsakanin taya kaya da sallama shi. Mai saye zai tsaya a kan buhun dawa ko na riɗi, ya damƙi ƙwaya ya murza a tafin hannunsa, ya ce nawa. Maimakon baffa ya faɗi kuɗi, sai ya mayar masa da tambaya: "Kash ko Bankak?" Wato da takardar kuɗi za ka biya, ko ta waya za ka turo? Amsar da mai saye ya bayar ita ce take yanke farashi, domin akwai lokutan da buhu guda yake da kuɗi biyu a wuni guda, a rumfa guda, daga bakin mutum guda.

'Yan'uwa daga Kano da Jidda sun sha tambayata yadda muke ciniki a ƙasar da bankunanta suka watse, shi ya sa na ga ya dace in zauna in rubuta abin da na gani game da manhajar Bankak, alherinta da kuma inda ƙarfinta ya tsaya. Ni haifaffen Maiwurno ne, garin da ke bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, wanda kakanninmu suka kafa tare da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903. Na yi shekaru ina aikin lissafi a Khartum kafin yaƙi ya koro ni gabas, saboda haka na yi amfani da manhajar a lokacin zaman lafiya, na kuma yi amfani da ita a kan hanyar gudu, yanzu kuma da ita nake rufe lissafin rumfa kowace yamma.

Bankak manhajar Bankin Khartum ce, bankin da asalinsa ya koma 1913, tun zamanin mulkin Ingila da Masar. Ma'anar sunan da Larabcin nan ita ce "bankinka", kuma da farko mBOK ake kiranta. Aikinta ba shi da wani ɗaurin kai. Mai asusu zai shiga da lambarsa da kalmar sirri, ya rubuta lambar asusun wanda zai tura wa da adadin kuɗin, sunan mai karɓa ya bayyana masa domin ya tabbatar, sannan ya danna. Idan kuɗin ya wuce sai koren shafi ya fito ɗauke da lambar cinikin da lokacinsa, wanda kowa yake kira ish'ar, kuma hoton wannan shafin ne ake nuna wa mai kaya ko a aika masa ta WhatsApp. Ana kuma sayen wutar lantarki da ita, a sa wa layin waya kuɗi, a duba jerin abin da ya shiga da abin da ya fita.

Wannan sauƙin shi ne abu na farko da zan yaba. Baffana bai yi karatun boko ba, karatun allo ya yi, amma da yake ya iya karanta Larabci, cikin mako guda ya koyi duba shigar kuɗi da kansa. Fitowar sunan mai karɓa kafin a tabbatar ta taɓa tserar da ni daga kuskuren da ni ne na so in jawo wa kaina, ranar da na juya lambobi biyu cikin gaggawa, na ga sunan da ban sani ba ya fito, na janye yatsana. Ga mai lissafi kuma, jerin cinikin da ke cikin manhajar ya kashe gardama mai yawa. A da, in dillali ya ce ya biya rabin kuɗi ranar Talata, baffa kuma ya ce bai tuna ba, sai a kai ga rantsuwa da neman shaidu. Yanzu waya ake buɗewa, rana da sa'a suna nan a rubuce.

Sai dai ba sauƙi ne ya mayar da ita abin da ta zama ba, dole ce. Mutanen Sudan sun fara ɗanɗana rashin takardar kuɗi tun 2018, shekarar da aka riƙa kwana a layin injin cire kuɗi ana komawa gida hannu rabbana, har ƙuncin ya haɗu da tsadar burodi ya haifar da zanga-zangar da ta tashi a watan Disamba, wadda ta kai ga faɗuwar Umar al-Bashir a Afrilun 2019. A wancan lokaci talakawa sun riga sun ƙirƙiro nasu bankin: mutum zai tura wa mahaifiyarsa kuɗin kiran waya a ƙauye, ita kuma ta kai wa mai shago ya karɓa ya ba ta takardar kuɗi bayan ya cire ladansa. Na kawo wannan ne domin a gane cewa al'adar cire wani abu daga kuɗin waya kafin a mayar da shi na hannu ta girmi yaƙin nan.

Ranar Asabar 15 ga Afrilu 2023, cikin watan azumi, faɗa ya ɓarke a Khartum tsakanin sojoji da rundunar kai ɗaukin gaggawa ta RSF. Cikin 'yan makonni rassan bankuna suka rufe, aka fasa da yawa aka kwashe, Babban Banki kuma daga baya ya koma aiki daga Bur Sudan. Abin da ya fi yin illa shi ne tsayawar cibiyar da ke haɗa bankunan ƙasar da juna, wadda take a Khartum. Da ta tsaya, katin cire kuɗi ya zama guntun roba, turawa daga wannan banki zuwa wancan kuma ta yanke. Bankak ta samu ta ci gaba da numfashi, duk da tsaikon da aka riƙa samu a farkon yaƙin, saboda kuɗin da ake turawa ta cikinta daga asusun bankin ne zuwa wani asusun na bankin, ba ya buƙatar ya bi ta waccan cibiya. Da yake kuma dama tana da jama'a masu yawa tun kafin yaƙi, duk wanda yake son a turo masa kuɗi sai ya nemi inda mutane suke, mutane kuwa suna can. Haka ta yi ta haɗiye kasuwa.

Ni shaida ne a kan amfanin wannan. Lokacin da muka bar Khartum da iyalina, abin da ke aljihuna bai isa kuɗin motar mutum biyu ba, hanya kuma cike take da shingaye inda ake lalube matafiya. Yayata da ke aure a Jidda ce ta biya mana kuɗin mota ba tare da ta motsa daga ɗakinta ba. Ta ba wani ɗan canji riyal a can, shi kuma abokin hulɗarsa a Sudan ya turo fam, kuɗin Sudan, cikin asusuna, ni kuma na tura wa direba, ya duba wayarsa, ya ce mu hau. Duk abin bai ɗauki tsawon lokacin da ke tsakanin azahar da la'asar ba. Yana da kyau masu karatu a waje su lura cewa ba manhajar ce take ƙetare iyaka da kuɗin ba. Tsohuwar hanyar hawala ce take ɗauko shi, irin wadda fatake da alhazai suka daɗe da sani, wadda kuma takunkumin Amurka na 1997 zuwa 2017 ya ƙara wa ƙarfi saboda ya raba bankunan Sudan da na duniya. Abin da Bankak ta sauya shi ne zangon ƙarshe: a da sai ka je shagon wakilin ɗan canji ka karɓa, yanzu kuwa kuɗin yana iske ka ko kana ɓoye a ƙarƙashin gado. Da irin wannan turawa ce matasan unguwanni suka riƙa tara gudummawar 'yan ƙasa mazauna waje suna dafa abinci a takaya, wato ɗakunan girkin sadaka, ga waɗanda suka kasa fita.

Yanzu sai in dawo kan tambayar baffa, domin a nan ne nake ganin gaskiyar lamarin take kwance. Kuɗin da ke cikin waya yana cika kuɗi ne idan mutum na ƙarshe da za ka biya ya yarda ya karɓe shi haka. Babban ɗan kasuwa da ke sayen riɗi mota-mota domin kai wa Bur Sudan ya fi son waya, kuma yana da gaskiya. Kafin yaƙi dala guda tana wajen fam 600, a 2024 kuwa ta haye 2,000 a kasuwar bayan fage, ta yadda takardar fam 1,000 ba ta kai rabin dala ba. Wanda zai biya kuɗin mota guda ta riɗi da irin wannan takarda sai ya zo da buhuna, a wuni ana ƙirga, ga tsoron 'yan fashi, ga tsoron jabu. Amma riɗin nan ba ɗan kasuwa ne ya yanke shi ba. 'Yan ƙwadago ne suka yanke shi a gonakin da ke nesa da gari, da yawansu baƙi ne da ke ƙetarowa daga Habasha lokacin girbi, wasu kuma 'yan'uwanmu ne daga ƙauyuka, kuma riɗi ba ya jira, in ya nuna ba a yanke ba sai ya fashe ya zube. Ɗan ƙwadago ba shi da asusu, ba shi da babbar waya, inda yake aiki ma babu layi, abin da ya sani shi ne a ƙirga masa a tafin hannu. To manomi da aka biya ta waya dole ya nemi takarda, kuma a nan ne masu takarda suke jiransa.

Na taɓa tura wa wani mai shago fam 100,000 ya ƙirgo mini 90,000, ya kuma nuna mini cewa alfarma ya yi mini. 'Yan'uwan da suka fito daga wuraren da faɗa ya fi tsanani sun ba ni labarin cirewar da ta fi wannan nesa ba kusa ba. Wannan ba laifin manhajar ba ne, domin ita fam 100,000 ta karɓa, fam 100,000 ta isar. Laifin na ƙarancin takarda ne da haɗamar masu riƙe da ita. Amma mai bitar kaya ba zai rufe ido ga abin da mai amfani da kayan yake tarar da shi a ƙarshen hanya ba, kuma abin da ake tararwa shi ne cewa mai ƙarfi yana ciniki daga waya zuwa waya ba ya asarar ko sisi, marar ƙarfi kuwa, wanda sai ya sayi gawayi da albasa da kuɗin raksha, wato adaidaita sahu, shi ne yake biyan bambancin. Matar da ɗanta ya turo mata kuɗin cefane daga Riyad ta riga ta yi asara sau ɗaya a hannun ɗan canji, sannan ta sake yin ta biyu a hannun mai shago.

Maganar ta kai har zauren malamai, kuma ba za ta rasa kaiwa ba a ƙasar da tsarin bankinta gaba ɗaya ya koma na Musulunci tun shekarun 1980. Hukuncin da kowane ɗalibin fiƙihu ya sani shi ne cewa idan za a musanya kuɗi da jinsinsa, to sai daidai wa daida, hannu da hannu, abin da ya ƙaru kuwa riba ce. Fam na waya da fam na takarda jinsi guda ne, saboda haka malaman da na saurara a masallatan unguwarmu suna ganin cirewar nan haramun ce ƙarara. Masu shago kuma suna kare kansu da cewa ladan wahala suke karɓa, tunda su ma sai sun yi tafiya sun yi kasada kafin su samo takardar. Ni ba malami ba ne, amma mai lissafi ne, kuma abin da lissafi ya nuna mini shi ne cewa ladan wahala ba ya ninkuwa don kawai wanda ke gabanka ya matsu. Wahalar ƙirga fam 100,000 ranar da gari yake lafiya ita ce wahalar ƙirga shi ranar da 'yan gudun hijira suka cika tasha, amma abin da ake cirewa ba ɗaya ba ne. Baffana ya zaɓi wata hanya, wadda ita ma ban ce ta kuɓuta sarai ba: ba ya sayar da takardar kuɗi, amma yakan rage wa mai biya da takarda farashin buhu, yana cewa ragi a ciniki halal ne. Na taɓa ce masa, "Baffa, ai duk kanwar ja ce." Ya dube ni ya ce, "Kai dai rubuta abin da aka biya."

Rauni na biyu ya bayyana ne a farkon Fabrairun 2024, lokacin da layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke a kusan faɗin ƙasar, ɓangarorin yaƙin kuma kowa yana ɗora wa ɗan'uwansa. A lokacin manhajar ba ta aiki sai da intanet, saboda haka dare ɗaya mutanen da ke da miliyoyi a asusu suka wayi gari ba su iya sayen burodi. A Gadarif kasuwa ta koma bashi da amana, littafina ya cika da sunaye, wanda aka sani aka ba shi, baƙo kuwa ya ga ta kansa, alhali garin cike yake da baƙi tun bayan faɗuwar birnin Madani a hannun RSF a Disambar 2023. Mu a gabas layi ya fara dawo mana bayan kwanaki, amma Khartum da Jazira da Darfur sun daɗe cikin duhu. A can ne na'urar Starlink, wadda ake shigowa da ita ta iyakoki, ta zama sana'a: mutum zai yi tafiya mai nisa zuwa inda aka kafa farantin, ya biya kuɗin sa'a guda, domin kawai ya duba ko an turo masa. Ke nan sai ka biya kafin ka ga kuɗinka, ka sake biya kafin ka taɓa shi. Tun daga wannan watan na fahimci abin da magabata suke nufi da ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, kuma tun daga lokacin ba na barin rumfa ba tare da takardar da za ta ɗauke mu mako guda ba.

Sai kuma canjin kuɗi. A ranar 10 ga Disamba 2024 aka fara karɓar tsofaffin takardun fam 500 da 1,000 a jihohin da ke hannun gwamnati, ciki har da Gadarif da Kasala, bisa hujjar kashe darajar kuɗin da aka wawashe daga bankuna da kuma jabun da ya yi yawa. Ba hannu da hannu ake musanyawa ba. Sai ka zuba tsohon kuɗinka a asusu, sannan a ba ka sabo kaɗan-kaɗan bisa iyakar da aka sa ta kowace rana. Manufar a bayyane take, a tura jama'a cikin banki ko suna so ko ba sa so, kuma an sauƙaƙa buɗe asusu ta waya ga mai lambar ɗan ƙasa. RSF ta hana karɓar sabuwar takardar a yankunan da take riƙe da su, sai ƙasa ta wayi gari da takardun kuɗi iri biyu, abin da ya rage yana ratsa tsakanin ɓangarorin biyu kuwa shi ne kuɗin waya. Masu karatu a Najeriya ba sa buƙatar dogon bayani a nan, domin sun ga irinsa a farkon 2023 lokacin sauya fasalin naira, sun sayi naira da naira a hannun masu POS, sun kuma ga yadda OPay da Moniepoint suka samu shiga a wannan tsakanin. Bambancin kawai shi ne mu namu ya zo ne a tsakiyar yaƙi, kuma a daidai lokacin da amfanin gona yake shigowa kasuwa.

A waɗannan makonni na buɗe wa mutane da yawa asusu da hannuna, kuma a nan ne na ga waɗanda tsarin ya bari a baya. Sharaɗin farko lambar ɗan ƙasa ce, kuma duk Bahaushen Sudan ya san cewa maganar takardun shaida tsohon miki ne a wurinmu, domin akwai dattawan da aka haifi kakanninsu a ƙasar nan amma ba su taɓa mallakar takarda ba, akwai kuma waɗanda suka baro nasu a gidajen da suka gudu suka bari a Sinja da Dindir. Sharaɗi na biyu babbar waya ce, wadda kuɗinta ya fi ƙarfin mai sayar da ƙosai, kuma ita ce abin da aka fi ƙwacewa a hanya. Na uku karatu ne. Inna, ƙanwar mahaifiyata, tana jin Larabcin kasuwa sarai, amma ba ta karanta shi, saboda haka kuɗinta a asusun ɗan maƙwabcinta yake sauka. Yaron kirki ne, ban taɓa jin ya ci mata ko fam ɗaya ba, amma yanzu ya san nawa 'ya'yanta suke aiko mata da ranar da suke aikowa, abin da a da ko kishiyarta ba ta sani ba, tunda a bakin zane take ƙulle shi. Mata da yawa sun rasa wannan sirrin, kuma ban ga ana lissafa shi cikin abin da sabon tsari ya ci ba.

Maganar 'yan damfara gajeriya ce, domin maganinta ma gajere ne. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, tsagar kuwa ita ce yarda da hoton ish'ar. Akwai masu haɗa koren shafi na ƙarya da ya yi kama da na gaske har da lambar ciniki. Wani saurayi mai tsaf-tsaf ya taɓa ɗaukar mana buhu biyu na dawa da irin wannan hoto ranar da kasuwa ta cika, sai da yamma na ga babu abin da ya shigo. Laifina ne, domin hoton da ke wayar mai saye ba shaida ba ne, shaida ita ce abin da ka gani a cikin naka asusun. Haka kuma duk wanda ya kira ka ya ce daga banki yake, yana neman kalmar sirri ko lambar da aka aiko maka, ɓarawo ne.

To ina aka dosa? Ba na shakkar cewa takardar kuɗi ba za ta koma matsayinta na da ba ko bayan yaƙi. Mai agashe a bakin tasha, wanda yake gasa tsiren da Hausawa suka koya wa Sudan har sunansa ya zauna a bakin Larabawa, yanzu ya rubuta lambar asusunsa a jikin kwali ya jingina kusa da ƙuli da yaji. Wanda ya saba da wannan ba zai koma ɗaukar buhun kuɗi ba. Yayata tana ba ni labarin Saudiyya, inda ake ɗora kati ko waya a kan na'ura a sayi ko da ruwan sha ne ta hanyar mada, wadda ta haɗa bankunan ƙasar duka, ta yadda mai shago ba ya tambayar wane banki ne naka. Wannan haɗin shi ne abin da nake ganin mun fi buƙata, fiye da kowace ƙawa da za a ƙara wa manhaja. Akwai wasu manhajojin a ƙasar nan, irin su Fawry ta Bankin Faisal da O-Cash ta Bankin Umdurman, kuma samuwarsu alheri ne, amma muddin mai wannan ba zai tura wa mai waccan cikin sauƙin da yake tura wa ɗan bankinsu ba, jama'a za su ci gaba da cunkusuwa wuri guda. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai, kuma bai kamata cinikin ƙasa guda ya rataya a wuyan banki guda ba, komai ƙoƙarin bankin, domin ranar da ya yi tari kasuwa duka ce take kwanciya.

Amma misalin da ya fi kama da halinmu ba na Saudiyya ba ne, na ƙasashen gabashin Afirka ne. A Kenya an fara M-Pesa tun 2007 a kan ƙaramar waya mai maɓalli, ba tare da intanet ba. A Somaliya, ƙasar da ita ma ta daɗe cikin yaƙi, da 'yan lambobin da ake dannawa a ƙaramar waya ake biyan mai shayi da mai kayan miya. Abin da ya sa nasu ya kai ƙasa shi ne an gina shi a kan wayar da talaka ya riga ya mallaka, aka kuma baza wakilai masu rajista da sanannen lada, ta yadda mai son takarda ya san abin da za a cire masa tun kafin ya bar gida. Ranar da ɗan ƙwadagon gonar riɗi zai karɓi ladansa a ƙaramar wayarsa, ya kuma sayi sukari da ita a ƙauyensu, ranar ce farashi biyu zai koma ɗaya, masu sayar da takarda kuma su nemi wata sana'ar.

Ga wanda yake Sudan, ko yake da iyali a nan, shawarata ita ce ya buɗe asusun da sunansa in yana da hali, kada ya dogara da na wani, domin a halin da ake ciki ban san wata hanya da ta fi ta isa ko'ina ba, kuma a abin da aka yi ta dominsa, wato ɗaukar kuɗi daga asusu zuwa asusu, ta yi mini aiki a ranar da babu abin da yake aiki. Ya riƙe layin waya na kamfani biyu, ya ajiye 'yar takarda a gefe, ya haddace lambarsa ko da waya ta salwanta. Mai aikowa daga waje kuma ya tambayi wanda zai karɓa ko zai iya kashe kuɗin ta waya, in ba haka ba ya sa abin da za a cire cikin lissafinsa.

A watan jiya aka ɗaura auren ɗan baffana a masallacin unguwa bayan sallar Juma'a. Da liman ya tambayi sadaki, lakadan ne ko ajalan, wakilin ango ya ce lakadan, ya ɗaga waya sama yana nuna koren shafi ga sahun gaba. Waliyyin amarya, wani dattijo ɗan Kasala, ya girgiza kai ya ce shi ba ya karɓar hoto, ya juya ya kira ɗansa daga sahun baya ya ce ya buɗe asusu ya duba. Layi ya yi nauyi a cikin masallacin, sai da yaron ya fita ƙofa ya ɗaga wayar sama, jama'a kuma suna zaune da goro da dabino a gabansu ba wanda ya taɓa. Can ya leƙo ya ce, "Baba, ya shigo." Dattijon ya ce to ya bayar, liman ya ce a yi salati, aka shafa Fatiha.